Ƙarfe da Majanyi

Highbridge, Bronx
24 ga Yuni, 1993

Zuwa ga Kawuna Malam Abdulai, Zango, Kumasi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna Abena da ’yarmu Adjara da duk wanda ya kwana a gidan. Mu ma lafiya, sai zafi da ya fara shigowa.

Kawu, saƙonka ya same ni. Ka ce da Alhaji Wahab na nan unguwarmu ya zo gida babbar salla ya shaida maka yayata Tahiratu ta zama ’yar dambe, kullum da sassafe tana shiga wani rami a ƙarƙashin ƙasa tare da maza. Ka ce in je in gani da idona in rubuto. Na je. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya, amma abin da na gani shi zan faɗa.

Shekaranjiya Talata ta fita ƙarfe shida saura, bayan ta yi salla, da jaka a kafaɗa. Na bari ta sha kwana sannan na bi ta. Ba ta hau bas ba. Unguwarmu a kan tudu take, akwai wata matakala tsakanin dogayen gidaje da ke haɗa titin sama da na ƙasa, taki ɗari da talatin da biyu, na sha ƙirgawa. Ta sauka har ƙasa, ta juyo ta hau. Na ce ta yi mantuwa. Sai ta sake sauka. Sau uku tana haka, ni kuwa ina maƙale a bayan motar burodi.

Daga nan ta shiga wani gida a titin ƙasa. Ramin da Alhaji ya ce, ɗakin ƙasa ne inda injinan wanki suke. Taga ɗaya gare shi, ’yar ƙarama, daidai idon sawun mai wucewa. Na durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi, ban ga komai ba sai da kumatuna ya kusa taɓa siminti. Ban san yadda Alhaji ya yi ba da wannan jiki nasa, sai dai in rub da ciki ya kwanta.

Mata bakwai na gani. Namiji ɗaya ne a ɗakin, shi ma a jikin kalanda yake. Yaya tana sanye da wando burgujeje da riga har gwiwa, ta ɗaure ɗankwali tamau. A gabanta akwai sandar ƙarfe da ta fi taɓarya tsawo, an zura mata fayafayan ƙarfe a kowane gefe kamar murfin tukunyar biki. Ta shafa alli a tafin hannu. Ta gyara ƙafa, ta yi baya kamar za ta zauna a kujerar tsakar gida, bayanta a miƙe kamar ƙyaure, ta kama ƙarfen ta tashi da shi. Wata ’yar firit ɗin mata mai suna Dokas, mutuniyar Jos ce, tana gashin ƙashi a asibiti, ita ke ƙirga musu da Hausa: “Ɗaya! Ƙirji sama! Biyu! Da ƙafa, ba da baya ba!” Daga baya na tambaya, aka ce laba ɗari biyu ne. Wato buhu biyu na shinkafar da nake saukewa a shagon Kwabena a Fordham Road, wadda ni ɗaya nake ɗauka ina nishi.

Ba dambe. Ba wadda ta taɓa wata.

Ina nan durƙushe sai na ga takalminta a gabana. Ta ce, “Muniru, igiyar ta ɗauru, ko in taya ka?” Ashe tun a matakala ta gan ni. Ta ce wa ya aiko ni, na ce kai. Ta ce, “To rubuta masa duka, kada ka rage. Kuma sau biyar na ɗaga, kada ka ce huɗu.”

Sau biyar ta ɗaga, Kawu.

A gaida Inna Abena. A ce wa Adjara kawunta bai manta da takalmin da ya yi mata alkawari ba. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Muniru

*

Zango, Kumasi
19 ga Yuli, 1993

Daga Malam Abdulai zuwa ga ɗan ’yar’uwata Muniru.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina yi maka fatan alheri da tsarewar Ubangiji a ƙasar da kake. Iyali duka lafiya, suna amsawa.

Bayan haka, takardarka ta iso, na karanta ta har sau biyu. Na farko, Alhaji Wahab sa’an mahaifinka ne. Yadda ya kwanta ko yadda ya tashi ba abin bakinka ba ne. Kada in sake ganin irin wannan a takardarka.

Na biyu, na ji babu dambe, na gode wa Allah. Amma abin da ka bayyana bai kwantar mini da hankali ba, ƙara tayar da shi ya yi. Mace da buhu biyu na ƙarfe! A nan magana ta riga ta zaga zango. Mata a bakin famfo suna cewa ƙarfe yana busar da mahaifa, yana mayar da ƙirjin mace na namiji. Ban san gaskiyar wannan ba, ni ba likita ba ne. Abin da na sani, ranar Juma’a yara sun biyo Adjara daga makaranta suna kiran ta ’yar mai ƙarfe, ta shigo gida tana kuka.

Yarinyar nan a hannuna take tun tana shekara uku, tun da ubanta ya rasu uwarta ta tafi nema. Yanzu tana da tara. Takardar haihuwarta da fasfonta suna cikin akwatina. Ofishin jakadancin Amurka ya rubuto cewa takardun da Tahiratu ta shigar sun yi nisa, za su sa ranar da za a kai yarinya Accra su gan ta. Ni ne mai kai ta. To ka gaya wa yayarka: ba zan kai ta ba sai ta ajiye ƙarfen nan, Alhaji Wahab kuma ya tabbatar mini ta ajiye. Ban raini yarinya shekara shida don in miƙa ta ɗakin ƙasa ba.

Kai namiji ne a gidan. Ka yi mata magana.

Allah ya shirye mu baki ɗaya. Wassalam.

Kawunka,
Malam Abdulai

*

Highbridge
16 ga Agusta, 1993

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da Inna Abena, da Adjara. Na ji faɗan da ka yi mini a kan Alhaji, na karɓa.

Na karanta wa Yaya takardarka tana cin tuwo. Sai da ta cinye, ta wanke hannu. Sannan ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa: “Ba zan ajiye ƙarfe ba, kuma ba zan bar ’yata ba. Adjara ba akuya ba ce da za a ɗaure don in zo in yi biyayya.” Na ce Yaya a sassauta. Ta ce in na sassauta za ta sani.

Ka ce in yi mata magana don ni ne namiji. Kawu, akwai abin da na ɓoye maka shekara biyu saboda ta sa na rantse. Yanzu ta sake ni.

Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ba share-share kawai ba. Ɗagawa ce. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, a shiga da mutum kwamin wanka a fito da shi, sau goma a wuni. Bara waccan ta sunkuya za ta ɗaga wani tsoho, bayanta ya ce ƙas. Mako uku tana kwance a ƙasa a ɗakinmu, gado ma ba ta iyawa. Ni namijin gidan, aikina shi ne zubar da fo. Lokacin ne muka rubuto muku cewa mura take yi.

Ba ita kaɗai ba. Ka san Akua ’yar gidan mai goro? Shekararta talatin da shida, a kan kujera take salla. Duk matanmu masu wannan aiki, in sun tashi daga tabarma sai sun dafa bango. Dokas ce ta gaji da ganin su a asibiti, ta roƙi mai gida ya ba su ɗakin wanki da safe. Ta ce ba nauyi ke karya baya ba, rashin sanin ɗagawa ne da rashin ƙarfin ƙafa. Tun da Yaya ta fara, ko ciwon kai ban ji ta ce ba.

Yanzu uwar Dokas ɗin take kula da ita, Mama Elisabet. Tsohuwar nas ce, ɓarin jikinta ya shanye. A hawa na biyar take, lif ɗin gidan kuwa ya fi kwana a lalace. Wata bakwai ba ta ga titi ba sai ta taga. Wata rana Yaya ta ɗauko zane da majanyi ta tsuguna a bakin gado ta ce, “Mama, hau.” Ta goya ta kamar jaririya ta sauko da ita. Tsohuwar da ta ji iska a fuskarta sai ta ce a kai ta wurin mai sayar da mangwaro, ta tsaya tana yi masa ciniki da hannu ɗaya.

Ga wata magana, gara ka ji ta daga gare ni kafin wani ya kawo maka ita da ƙari. Mama Elisabet a wani birni na Turai ta koyi aikin nas tana budurwa, Edinburgh. Ta ce tana so ta sake ganin sa kafin ta mutu. Birnin duk tudu ne da matakala, keken guragu ba ya shiga ko’ina. Wata mai zuwa za su tafi kwana huɗu, ita da Dokas da Yaya. Mata uku, ba namiji. Biza ta fito.

Kawu, ka yafe mini wannan tambaya. Mma, uwarmu, yayarka, shekara nawa ta yi tana dakon doya a ka a kasuwar Kumasi? Ban taɓa jin wanda ya ce ta zama namiji ba. Kuma ni ba zan ƙara leƙen kowa ta taga ba.

Allah ya ja kwana.

Ɗanka,
Muniru

*

Edinburgh
12 ga Satumba, 1993

Kawu Abdulai,

Salamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida. Tahiratu ce. Na gaji da aika Muniru, yaron yana zuba wa maganata ruwa.

Ina rubuto maka daga otal. Kafin ka tambaya: ina salla a kan lokaci, Dokas ta saya mini ’yar na’urar gane gabas, kifi nake ci. Garin baƙin dutse ne, gidaje dogaye sun haɗa kai, ga wata tsohuwar fada a kan dutse a tsakiyar gari kamar an aza tukunya a murhu. Ruwa yana zuba sau biyar a rana, ba wanda ya damu. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sanye da siket har gwiwa suna busa wata salka mai ƙafafu. Na tsaya na dube su da kyau. Ba wanda ya bi su yana cewa sun zama mata.

Titunan da duwatsu aka shimfiɗa, keken Mama yana kaɗa mata haƙora. Rana ta biyu ta ce a naɗe shi. Dokas ta rataya keke, ni na goya Mama. Tana bayana tana ba da umarni kamar direban bas ɗin tirotiro: hagu, dama, shiga wannan lungu, a nan muke sayen burodi, a nan wata ’yar ajinmu ta faɗi a kan ƙanƙara. Mun ga gidan da ta zauna. Ya zama ofis, ba su bar mu mun shiga ba. Ta ce ba komai, dama ɗakin sanyi gare shi.

Abin da ya kawo ta wani tudu ne. Ta ce Lahadinta ta farko a garin, tana da shekara ashirin, ba ta san kowa ba, ta hau shi ita kaɗai ta hango teku, ta ce wa kanta ba za ta koma Jos ba sai da takardar nas. Jiya muka hau. Matakala ce, sannan gangare mai santsi. Sau biyu na tsaya na gyara majanyi. Da muka kai sama na juya mata baya ga iska don ta ga ruwan sosai. Na ji wuyan rigata ya jiƙe, ba ruwan sama ba ne. Can ta ce, “To, na gani. Yunwa nake ji.” Wani Bature ya ɗauke mu hoto da kyamarar Dokas, an wanke shi yau. Ga shi nan ciki.

Kullum da safe kafin su tashi ina tsuguno da akwatunanmu biyu, ɗaya a kowane hannu, sau hamsin. Na faɗa maka don kada ka zaci na huta.

Kawu, kai ka riƙe mini ’ya, ba zan manta ba har in mutu. Amma shekara shida ina cewa don Allah. A waya don Allah, a kaset don Allah. Na gama. Wannan bayan da kuke zagi shi zai ciyar da Adjara ya kai ta makaranta. In na ajiye ƙarfe na koma kwance a ƙasa, wa za ka aiko wa ita? Muniru?

Ka nuna mata hoton. Ka ce mata in yara sun ce ’yar mai ƙarfe, ta ce na’am.

A gaida Inna Abena, na gode mata.

Tahiratu

*

Zango, Kumasi
8 ga Nuwamba, 1993

Muniru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan kuna haka.

Takardar yayarka ta zo. Ba zan amsa mata ba, don in na amsa a halin da nake ciki zan faɗi abin da ba ya gogewa. Kai zan amsa wa, tun da ka tambaye ni game da uwarku, Yaya Fulera.

Shekara goma sha tara ta yi tana dako. Ba sai ka ƙirga mini ba. Da wuyanta na yi karatu. Ni ina zaune a inuwa gaban malam da allo, ita tana tsallaka kwata da kwandon doya a ka. Kana ƙarami lokacin da abin ya kama ta. Wuyan ya lanƙwashe har ba ta iya ɗaga kai ta ga wanda ya shigo ɗaki, da ƙafa take gane mutane. Ni da aka yi wa wahalar, takalmina take gaisarwa. Ranar da muka rufe ta na yi wa Allah alkawari a bakin kabari cewa babu macen da ta fito daga jikinta da za ta sake ɗaukar kaya muddin ina da rai.

Sai ga hoto. Na buɗe ambulan na ga fuskar Yaya Fulera sak, da mutum ɗungurungum a bayanta, tana dariya. Kuna ganin surutun bakin famfo ne ya dame ni? Ni na san inda wannan hanya take ƙarewa, na ga ƙarshenta da idona.

An sa rana: 17 ga Maris, bayan ƙaramar salla. In ta wuce, sun ce sai a sake sabon layi. Maganata tana nan. Na rubuta wa Alhaji Wahab ya je wurin da kansa, ta ƙofa, ya kawo mini bayani kafin azumi.

Wassalam.

Kawunka,
Malam Abdulai

*

Highbridge
19 ga Janairu, 1994

Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ɗa da uba. Ina fatan kowa lafiya. Mu sanyi ne kamar zai tsaga ƙashi, tsofaffin zama sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba.

Na tuna Mma. Ina zama a ƙasa a gabanta don ta ga fuskata. Ban san kai ma abin yana cin ka haka ba. Da na karanta wa Yaya, ta shiga banɗaki ta daɗe. Da ta fito ta ce, “Mma ba wanda ya koya mata. An aza mata kaya an ce tafi. Ni ma alkawarin nan na yi, hanyata ce daban.”

Yanzu ga abin da ya faru ranar Asabar.

Yaya ta aika wa Alhaji Wahab cewa ya zo ƙarfe bakwai ya ga wurin, ya taho da matarsa Hajiya Afua. Ruwa ya zuba ya daskare, gari duk ya zama gilashi. Kowa ya sa takalmin ƙanƙara mai haƙora. Alhaji kuwa da yake alƙalanci zai yi, ya sa babbar riga a ƙarƙashin kwat, da takalmin fata na salla mai sumul ɗin ƙasa. Hajiya ta ce ya canza, ya ce shi ba lebura ba ne. Ni nake yi musu jagora.

Mun ci fiye da rabin matakala sai ƙafarsa ta tafi. Ya zame taki shida a zaune, rigar ta rufe masa kai, ƙafar hagu ta shige ƙarƙashin ƙarfen dafawa. Na ji ƙarar. Idon sawun ya juya inda bai kamata ba.

Na ruga na buga waya, suka ce motocin asibiti duk suna waje, sai mu jira. Shamshon mai tasi, ɗan cocin su Dokas, ya tsaya a titin ƙasa ya ce in an sauko da shi zai kai shi. Saura taki arba’in da huɗu. Ni da Shamshon da Kwabena muka gwada. Gaskiya zan faɗa: muka sunkuya, wannan ya kama hannu wannan ya kama ƙafa, Alhaji ya kurma ihu, Kwabena ya dafe ƙugu ya zauna, shi ma ya zama abin ɗauka. Leɓen Alhaji ya fara yin fari, jikinsa yana kaɗawa.

Sai ga matan sun fito daga ɗakin ƙasa, sun ji hayaniya. Dokas ta ɗaure ƙafar da katako biyu da ɗankwalin Akua. Ta aika aka kawo gishirin hanya, mata suka jera suna watsawa taki bayan taki. Yaya ta zura safa a kan takalminta don kada ya zame. Ba ta kalli Alhaji ba. Ta ce, “Hajiya, kin ba ni izini in goya mijinki?”

Alhaji ya ce, “A’uzu billahi! Ku bar ni in mutu a nan!”

Hajiya ta kwance zanen da ta yafa a kan kwat ɗinta ta miƙa. Ta ce, “Goya shi, ƙanwata. Alhaji, rufe bakinka, sanyi yana shiga.”

Yaya ta tsuguna a takin da ke ƙasa da shi, baya a miƙe. Muka jingina mata shi. Ta ja zanen ta ƙarƙashinsa, ta ɗaure a ƙirji, ta ɗaure majanyi a ciki. Dokas ta ce, “Da ƙafa.” Ta tashi. Zanen ya ce kyat a gefe guda amma ya riƙe. Ta sauka a hankali, hannu ɗaya a ƙarfen dafawa, tana ajiye numfashi a kowane taki, matan suna ƙirga mata da ƙarfi. Alhaji ya ƙanƙame ta ya rufe ido, duk addu’ar da ya sani ya karanta, har ta shiga kasuwa. A taki na talatin hularsa ta faɗi, ba wanda ya tsaya ɗauka.

Da aka sa shi a mota ya kama hannuna ya ce, “Muniru, wannan magana kada ta je Kumasi.” Na rufe masa ƙofar motar.

An sa masa filasta, yana samun sauƙi. Yaya kuwa ta koma ciki ta ƙarasa ɗagawarta, ta ce saura biyu. Washegari na tambaye ta bayanta, ta ce in tambayi Kwabena nasa.

Saura wata biyu, Kawu. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Muniru

*

Zango, Kumasi
9 ga Fabrairu, 1994

Muniru,

Wa alaikumus salam. Allah ya kai mu watan azumi lafiya.

Alhaji Wahab ya aiko da kaset. Ya ce ya faɗi, gaskiya ne, amma maza huɗu suka sauko da shi, Tahiratu jakarsa kawai ta riƙe. Ya ce son ’yar’uwa ya sa ka ƙara gishiri. Ya ce ɗakin ƙasa bai samu gani ba, amma shawararsa kada a kai yarinya.

Ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Shi ma shekara talatin muna sahu ɗaya. Ba zan yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba. In abin da ka faɗa haka ne, ka kawo mini manya biyu da suka gani. In sun tabbatar cewa ta sauko da mutum kamar Alhaji ta kwana lafiya, to abin da na sani game da kaya bai cika ba, ni da kaina zan kai Adjara Accra.

Hoton nan ya ɓace daga akwatina. Abena ta same shi a ƙarƙashin matashin yarinyar. Jiya na ga Adjara a bakin famfo za ta ɗauki bokiti, ta tsuguna, baya a miƙe, tana cewa da ƙafa, da ƙafa. Ashe tana karanta takardunka in na fita. Na buɗe baki zan tsawata, ban iya ba.

Ka tambayar mini matar nan Dokas: da an koya wa Yaya Fulera, da wuyanta ya tsira?

Wassalam.

Kawunka,
Malam Abdulai

*

Highbridge
27 ga Fabrairu, 1994

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, kai da Inna Abena da Adjara.

Na tambayi Dokas. Ta ce ba za ta yi maka ƙarya ba, kayan da aka aza wa Mma sun fi ƙarfin kowane wuya, shekarun kuma sun yi yawa. Amma ta ce na ’yar Mma da na jikarta ba a makara ba.

Yaya ta sayi ƙaramin gado ta sa kusa da taga. Ba ta ce in gaishe ka ba, amma ta tambaye ni sau biyu ko tarinka ya tafi. Motar Accra ta farko ta fi sauƙi, ku tafi tun ranar sha shida. Allah ya ba mu alherin wannan wata, ya ja kwananka.

Ɗanka,
Muniru

Ka ce biyu. Ga waɗanda suka gani:

Shamshon Rwang mai tasi. Kwabena mai shago, har yanzu da sanda yake tafiya. Dokas Mang. Akua, da sauran mata huɗu na ɗakin ƙasa. Liman Seidu na masallacinmu, yana saman matakala, shi ya tsinci hular, tana wurinsa. Mama Elisabet ta taga, ta ce a rubuta sunanta da manyan baƙaƙe.

Hajiya Afua, wadda ta zo gida yin salla ta miƙo maka wannan takarda. Zanen yana cikin jakarta, ka ce ta nuna maka inda ya yage.

Sai Alhaji Wahab kansa. Ya fi mu duka kusa.